Amsoshin tambayoyinku: rimi, jinga da kwarjinin oga

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan wurin aiki suka faɗo, kamar kun haɗa baki. Na zaɓi uku.

Ta farko daga wata 'yar'uwa ce a Zariya, tana aiki a wani kamfanin ruwan leda. Ta ce duk ranar da aka zauna mitin ta kawo shawara sai manajansu ya ce mata "abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba", shikenan an rufe magana. Tana tambaya wai Malam haka karin maganar take nufi, yaro ya yi shiru kawai?

Toh 'yar'uwa, karin maganar gaskiya ce amma ogan naki ya ɗora mata kayan da ba nata ba. Ki dubi kalmar da ke tsakiyarta, hango. Bahaushe bai ce gani ba, bai ce duba ba. Hange na abin da ke nesa ne, hadari daga gabas, ƙurar ayari, ƙarshen al'amarin da ba a kai gare shi ba tukuna. Shi ya sa ma aka kawo rimi, don dogon itace ne. Wato babba ya daɗe a duniya, ya ga yadda irin wannan rigimar ko irin wannan auren ko bashin ke ƙarewa. Amma abin da ke gindin ƙafa fa? Wannan ba hange ba ne, kuma akwai wata karin maganar da aka ajiye dominsa: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke da kike tsaye gaban inji tun safe ke kika san wace leda ce ke fashewa, wane direba ne ke dawowa da rabin kaya, manaja yana ofis cikin sanyin esi ko ya hau rimi goma ba zai ga wannan ba don ba daga sama ake ganinsa ba.

Kamfanin Toyota na Japan sun daɗe da gane haka. A layin da suke haɗa mota akwai igiya a rataye, duk ma'aikacin da ya ga matsala ko jiya aka ɗauke shi yana da ikon ya ja ta, fitila ta kama, shugaban layin ya rugo, in ba a gyara ba layin ya tsaya cak. Suna kiran tsarin andon, asalin kalmar a Japananci fitilar takarda ce. Ku duba fa, yaro ne ke tsayar da layi, babba ke rugowa. Mu ma ai da muna da irin wannan tunanin, don mun ce babba juji ne, kowa ya kwaso shara nan zai zuba. Juji bai zaɓen shara. Ita wannan karin maganar ban taɓa jin wani oga ya kawo ta a mitin ba wallahi. (Af, ita kalmar oga ma aro ce daga Yarbanci, kamar akawu, shi kuma manaja da masinja da lebura daga Turanci suka shigo.)

Ta biyu wani ɗan'uwa ne daga Maraɗi, ya ce ya ji tsofaffi na cewa aikin jinga, mene ne bambancinsa da ƙwadago?

Ƙwadago shi ne babban suna, duk aikin ƙarfi da za ka yi wa wani a biya ka. A cikinsa akwai na yini, ka zo da safe ka tashi lokacin da aka saba tashi a biya ka kuɗin ranar. Jinga kuwa ciniki ne a kan aikin kansa, a zagaya gonar da kai ko a nuna maka katangar a ce nawa za ka yi mana wannan, ku daidaita, in ka ga dama ka gama kafin azahar in ka ga dama ka kwana uku, kuɗinka dai ɗaya ne. Manomi ya san halin kowanne. Mai aikin yini sai ka ga ya jingina da fartanya yana ta labari da zarar mai gona ya juya baya, shi kuma ɗan jinga saurinsa ne abin tsoro, sai ya riƙa turbuɗe ciyawa da ƙasa maimakon ya cire ta, bayan ruwa biyu gona ta koma kore shar kamar ba a taɓa ta ba. Don haka ba wanda ya tsira, amma aƙalla mutumin ƙauye yana auna gona ne, ba ya auna zama.

A ofisoshinmu kuwa an ɗauka wanda ya fi daɗewa kan kujera shi ya fi aiki. A sa hannu a rajista ƙarfe 8, a zauna ana danna waya, ba mai tashi sai oga ya tashi. Hausa ta riga ta raɗa wa wannan suna, aikin ganin ido, wasu su ce ɗumama kujera. Tun 1926 Henry Ford a Amurka ya mayar da ma'aikatansa kwana 5 a mako, awa 40, bai rage musu albashi ba, kuma motoci ba su daina fitowa ba. Nan kusa ma gwamnatin jihar Kaduna ta koma kwana 4 a ofis a Disambar 2021. Ba wai ina cewa kowa ya bi ba, asibiti ai ba a yi masa jinga.

Ta ƙarshe gajeruwa ce. Wani malamin firamare ya ce hedimastansu na yawan cewa in ba a jin tsoronka ba ka da kwarjini, wai kalmomin ɗaya ne? A'a Malam, ba ɗaya ba ne. Kwarjini cika ido ne, mutum ya shigo ka ji ka gyara zama ba tare da ya ɗaga murya ba. Tsoro kuwa Bahaushe ya riga ya kai shi inda ya dace da ya ce tsoro na daji, kunya na gida. Kura ake tsoro. Wanda ake tsoro ɓoye masa ɓarna ake yi, rufin aji na yoyo tun farkon damina ba mai iya faɗa masa, sai ranar da silin ya rufto ya zo yana tambaya me ya sa ba a gaya masa ba.

Wanda ya tambayi asalin kalmar gayya ya yi haƙuri, tasa doguwa ce, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.