Yarana Sun Haddace A B C D Amma Ba Sa Iya Karatu: Ina Matsalar Take?

Tambaya: Ni malama ce a aji biyu na firamare a Gusau, ɗalibaina sun haura saba'in. In na rubuta jimla a allo na karanta, duk aji zai amsa da ƙarfi. Amma in na kira yaro ɗaya na nuna masa kalma daga tsakiya, sai ya yi shiru. Yaya zan yi?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Abin da yaran nan suke yi hadda ce. Kunnensu ne ya riƙe muryarki, idonsu bai fara aiki ba tukuna. Waƙar "ei, bi, si, di" kuwa sunayen haruffan Turanci ce, ba ta gaya wa yaro sautin da harafi yake bayarwa a Hausa. Wanda ya san c da sunan "si" ba zai taɓa fitar da "ciki" ba.

Ki koma kan sauti. Kuma kada ki bi jerin haruffa daga a zuwa z. Ki fara da waɗanda za su ba da kalma tun makon farko. Da a, n, k, m da u kaɗai yaro zai karanta nama, kaka, kuka, kuma, har da jimla kamar "Kaka na nan." Harafi biyu a mako sun isa.

Asalin aikin yana wajen auren baƙi da wasali. Yaran da suka zauna a makarantar allo sun san wannan tsari, don sun yi babbaƙu kafin farfaru. Ki rubuta m a kati ɗaya, a a wani, ki riƙe su nesa da juna kina jan sautin, sannan ki matso da su har su haɗu: ma. Ki cire a ki sa u, su faɗa da kansu. Murafun kwalba da aka rubuta wa haruffa sun wadatar, kowane benci ya samu nasa. Kada ki riƙa jera ma, me, mi, mo, mu kullum a tsari ɗaya, domin shi ma zai koma waƙa. Ki cakuɗa su.

Darasin minti 30 zai iya tafiya haka: minti 5 na tafa gaɓoɓin sunayensu (A-mi-na tafi uku), 5 na sabon harafi, 10 na haɗa gaɓa da kalma, 5 na karanta gajeren rubutu yatsa na bin kowace kalma, 5 na shifta. Shiftar nan kada a tsallake ta, ita ce ke nuna wanda ya gane.

Akwai wuraren da yara suka saba tuntuɓe. B da d suna rikita su, ga ɓ da ɗ a kansu, saboda haka ki bar makonni tsakaninsu. Masu ƙugiya ki koyar da su da kalmomin da ma'ana ke sauyawa: kaya da ƙaya, bata da ɓata. Sh, ts, kw da gy sauti ɗaya ne kowannensu, a koyar da su a dunƙule. Gaɓa mai ƙarewa da baƙi ta fi wuya: za ki ji yaro ya karanta ƙarfe a matsayin "ƙa-ra-fe", ko hannu ya zama "hanu". Sai buɗaɗɗun gaɓoɓi, wato masu ƙarewa da wasali, sun zauna ki shigo da ita. Sannan rubutun boko ba ya nuna dogon wasali ko karin sauti, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke rubutu ɗaya. Jimla ce ke bambance su, don haka kullum ki tambayi ma'anar abin da aka karanta. Wasu kuma za su fara daga dama saboda sabo da karatun makarantar allo. Ɗigo a gefen hagu na layi yana gyara wannan.

Batun yawa kuwa, ki gwada su ɗaya bayan ɗaya, goma a rana, minti biyu kowa: harafi, gaɓa, kalma, sannan gajeren labari. Inda yaro ya tsaya, nan ne rukuninsa. Wannan tsari na raba yara bisa matakin iyawarsu ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yaɗa shi, an kuma yi aiki da shi a makarantun Borno da Kano. Ki sake gwajin bayan mako shida. Yaron da bai motsa ba duk da yana zuwa kullum, ki dawo da shi bencin gaba, ki shawarci iyayensa a duba masa ido da kunne.