Amsa: Ƙuraje a bayan kare bayan ɗiga maganin kaska

Ɗan'uwa, ka ce ka ɗiga wa karenka maganin kaska tsakanin kafaɗunsa, wurin ya yi ƙuraje masu mugunya, suka bushe suka yi ɓawo. Don Allah kada ka sake ɗiga masa. Wani lokaci maganin ne ke rikita garkuwar jiki har ta juya tana yaƙar fatar karen, abin da likitoci ke kira pemphigus foliaceus. An ga haka da magungunan kaska ProMeris da Certifect, duka masu ɗauke da sinadarin amitraz, da kuma Vectra 3D. Duba kunnuwansa, hancinsa da tafin ƙafarsa, can ɓawon ke yaɗuwa. Kai shi wurin likitan dabbobi tare da kwalin maganin. Zai gutsuri fatar a gwada, wataƙila ya rubuta prednisolone, maganin da ke rage ƙarfin garkuwar jiki.