Wane salon rubutu ya dace da katin ɗaurin aure?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jidda, zan aurar da 'yata bayan babbar Sallah. Muna so a buga kati da Larabci saboda maƙwabta da abokan aikin mahaifinta, da Hausa kuma saboda dangi. Mai shagon ya buɗe min kwamfuta ya nuna min salon rubutu iri-iri har idona ya gaji. Wanne zan ɗauka? Daga wata Hajiya a Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a auren. Shawarata ita ce kada katin ya wuce salo biyu a kowane harshe: ɗaya na ado domin kanun kati da sunayen ango da amarya, ɗaya miƙaƙƙe domin rana da lokaci da wuri.

A Larabci, Diwani ne aka fi yi wa katin biki da takardar shaida. Rubutun fadar Daular Usmaniyya ne, da shi ake rubuta umarnin sarki, shi ya sa har yau yake da kwarjini. Haruffansa masu lanƙwasa ne, suna hawa kan juna, har waɗanda a ƙa'ida ba sa haɗuwa da na gabansu, irin su alifi da dali, sai ki ga sun jingina. Wannan shi ne kyansa, shi ne kuma matsalarsa. Idan aka rubuta sunan zauren biki da unguwa da ƙaramin Diwani, dattijon da ya yi shekara arba'in yana karanta Larabci ma sai ya matso da katin kusa da ido. Sulusi kuwa shi ne wanda kike gani a tutar Saudiyya da kan rigar Ka'aba. Yana son fili, don haka in shi kika ɗauka a matsayin na ado maimakon Diwani, ki ba shi Bismilla ko addu'ar aure a sama, layi ɗaya tak. Sauran bayani a yi shi da Naskhi, salon da Usman Ɗaha ya rubuta Mus'hafin Madina da shi, wanda idon kowa ya saba da shi. Akwai wani mai suna Amiri, kyauta ne a Google Fonts, an kwaikwayo shi daga haruffan tsohuwar maɗaba'ar Bulaƙ ta Alƙahira, kuma ya dace da wannan aiki sosai. Ruƙ'a ki bar wa allon shago, rubutun sauri ne na yau da kullum.

Ɓangaren Hausa ne ya fi damuna. Rubutun boko mai jan wutsiya da ake so a kati ya samo asali ne daga hannun magatakardan Ingila na ƙarni na 18. Edwardian Script da Snell Roundhand duk daga wannan zuriya suke. An zana su ne domin harsunan Turai, saboda haka da yawa daga irinsu ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. To ga shi kanun katin kansa "Ɗaurin Aure" ne, lokaci kuma "ƙarfe" ne. Abin da ke faruwa shi ne kwamfuta ta aro Ɗ daga wani salo, sai ki ga harafi ɗaya a tsaye ƙiƙam, ƙato, sauran suna kwance a gefensa, ko kuma ɗan akwati ya fito a gurbinsa. Mai shagon da ba ya jin Hausa ba zai ga laifin ba, wani ma sai ya cire ƙugiyar gaba ɗaya, ɗauri ya koma dauri. Ki tsaya a kansa ya buga kalmomin nan biyu da sunan duk wanda ke da irin harafin nan, kamar Ɗahiru ko Ƙasimu, kafin ki amince. Idan salon da kika ƙallafa rai a kansa ba shi da su, wanda ya iya aikin zai zana ƙugiyar da hannu a manhajar zane, tunda kalmomin ba su da yawa. Kada kuma ki yarda a rubuta irin wannan salo da manyan baƙaƙe zalla, domin wutsiyoyin za su sarƙe.

In kuna son layi ɗaya da ajami domin tsofaffi, akwai wani salo mai suna Alkalami, wanda aka yi shi a kan hannun Kano, fa'unsa da ɗigo a ƙasa kamar yadda muka koya a allo.

Batun ruwan zinare: siraran layukan rubutun boko sukan yanke idan an buga su da zinare a kan takarda mai kaushi. Ki nemi gwaji ɗaya a kan ainihin takardar, kada ki dogara da abin da kika gani a fuskar kwamfuta. Ki sa kwanan wata na Hijira da na Miladiyya duka biyu, saboda dangin da za su taso daga Kano ko Zinder. Wanda za a tura ta WhatsApp kuma a mayar da shi hoto ko PDF, in ba haka ba wayar da ba ta da salon za ta musanya shi da nata.

Ni dai ban cika son a sa ayar nan ta aure da ke Suratur Rum a kati ba, duk da mutane da yawa suna yi, saboda bayan walima katunan nan a ƙasa da kwandon shara suke ƙarewa. In akwai hali, ki kai sunayen biyu wurin mai rubutun hannu ya rubuta su da alƙalami a Diwani, a ɗauki hotonsu a ɗora a katin, sauran kuma kwamfuta ta yi.