Sabulun sirdi: riba tana cikin aikin hannunka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da takalma da jakunkuna da bel na fata. Wani dillali ya kawo mini sabulun wanke fata a gwangwani, ya ce yana mayar da tsohuwar fata sabuwa fil. Ina so in saro da yawa, in kuma riƙa wanke wa mutane kayansu suna biyana. Mene ne ainihin wannan sabulu, kuma harkar za ta fitar da ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na ji daɗi da ka tambaya tun kuɗinka yana aljihunka.

Abin da aka kawo maka shi ne sabulun sirdi. Sunan ya samo asali ne daga masu dawaki, domin da shi suke wanke sirdi da ragama da sauran kayan doki, waɗanda kullum suna cikin gumi da ƙura. Sabulu ne marar ƙarfi da aka gauraya da abubuwan da ke tausasa fata: yawanci gilisarin, da kakin zuma, da maiƙon da ake samu a gashin tumaki, wani lokaci da man ƙafar saniya. Ba sabon abu ba ne. Kamfanin Fiebing's na Amurka, ɗaya daga cikin sanannun masu yin sa, tun 1895 aka kafa shi.

To amma dillalinka ya ƙara gishiri. Babban aikin wannan sabulu wanki ne. Maiƙon da ke cikinsa kaɗan ne, ba ya isa ya ciyar da fatar da ta bushe, kuma fatar da ta riga ta tsage babu sabulun da zai ɗinke ta. Akwai ma abin da ya fi wannan. Fatar da aka jeme tana da ɗan tsami, wajen 4 zuwa 5 a ma'aunin pH (ma'aunin tsami da kanwa), sabulu kuwa yana can ɓangaren kanwa, wajen 9 zuwa 10. Idan aka yawaita shi, ko aka bar kumfarsa ta bushe a jiki, sai ya janye man da majemi ya sa wa fatar. Yau takalmin yana sheƙi, bayan wasu watanni sai ka ga ya yi tauri, ya fara tsagewa daidai inda yake lanƙwashewa a kan yatsu. Mai takalmin ba zai nemi dillali ba, kai zai nema.

Saboda haka sai ka koyi aikin da hannunka. Ka fara kakkaɓe ƙura da buroshi. Ka jiƙa soso ka matse shi sosai, ya zama danshi kawai, ka goga a kan sabulun har ya yi 'yar kumfa. Ka bi fatar a hankali kana zagayawa, za ka ga kumfar tana komawa ruwan ƙasa. Nan take ka share da tsumma mai tsabta, ka kula da layin ɗinki, don nan ne sabulu ke maƙalewa ya bushe ya bar farin zane. Ka ajiye a inuwa ta sha iska, ban da rana, ban da kusa da wuta. Idan ta bushe sai ka shafa mata man gyaran fata. Wannan mataki na ƙarshe shi mutane ke tsallakewa, kuma shi ne rabin aikin.

Ba kowace fata ke son sa ba. Wadda fuskarta ke da laushi kamar karan-miski, kada ka kusance ta da shi, zai kwantar da gashinta ya bar tabo. Mai launi fari-fari ko ruwan madara tana iya yin duhu. Ta roba da ake kwaikwayon fata da ita kuwa, asarar sabulu ce, tsumma mai danshi ya ishe ta. Kullum ka gwada a ɓoyayyen wuri tukuna, kamar cikin harshen takalmi ko ƙasan jaka.

Yanzu maganar kuɗi. Ban ba ka shawarar saro da yawa ba. Gwangwani ɗaya yana daɗewa a hannun mai gida, wanda zai wanke takalminsa sau 'yan kaɗan a shekara, don haka wanda ya saya yau ba zai dawo da wuri ba. Kaya ne mai tafiyar hawainiya, zai kwantar maka da jari a kan kantar shago. Ka ɗauki kaɗan, ka ajiye kusa da takalma, duk wanda ya sayi na fata mai kyau ka nuna masa tare da man gyaran.

Wankin shi ne inda na fi hango maka alheri, domin sabulun da ke shiga takalmi ɗaya bai taka kara ya karya ba, lokacinka da ƙwarewarka ake biya. Ka buɗe gwangwani ɗaya, ka rubuta takalma nawa ya wanke kafin ya ƙare. Ka raba kuɗinsa da wannan adadi, ka haɗa da na mai da soso da tsumma, sannan ka ɗora ladan mintocin da aikin ya ci. Jaka ta fi takalmi cin lokaci, kada ka yi musu kuɗi ɗaya.

Ka fara da tsofaffin kayanka da suka sha ƙura a shago, inda kuskure ba zai jawo maka rigima da kowa ba. Idan ka fara karɓar na mutane, ka duba kayan a gaban mai su, ka nuna masa duk wata tsaga ko tabo da ka gani, ka ɗauki hoto da waya, ka kuma gaya masa launin yana iya ɗan sauyawa. Idan jaka ce mai tsadar da ba za ka iya biya ba in ta lalace, kuma ba ka gane irin fatarta ba, ka ba shi haƙuri ka mayar masa da abarsa.