Ba ƙwallon Lahadi ba ne yake cinye maka karatu

Wani ɗalibi ɗan unguwar Birni a nan Damagaram, wanda yake shekara ta biyu ta digirin masta a birnin Lille na arewacin Faransa, ya rubuto mini wasiƙa mai cike da damuwa. Ya ce tun da sanyi ya shigo rubutun bincikensa ya tsaya cak, yakan zauna gaban kwamfuta awa uku bai ƙara shafi ɗaya ba, da rana barci yake ji, da dare kuma barcin ya ƙaurace masa. Abin da ya rage yana faranta masa rai shi ne ƙwallon da suke bugawa awa biyu ranar Lahadi a zauren wasannin jami'a, sai dara da yake yi da wani ɗan Maraɗi. Kawunsa ya ga hoton 'yan ƙwallon a Facebook, ya aiko masa da saƙon murya cewa an tura shi karatu ya koma wasa, alhali auren ƙanwarsa ya ƙarato ba a haɗa kayan ɗaki ba. Dalilin haka ya karɓi hayar asusun wata manhajar waya ta kai abinci a keke daga hannun wani dillali, yana fita dare biyar a mako, awa huɗu kowane dare, ban da aikin da yake yi a wani kanti bisa kwantiragi. Tambayarsa ita ce: shin ya bar ƙwallon da darar gaba ɗaya domin ya samu lokacin bincike?

Ɗana, lissafin da ka rubuto da hannunka ya riga ya ba ka amsa. Ƙwallo yana ɗaukar maka awa biyu a mako, keken yana ɗaukar awa ashirin, amma awa biyun ka tuhuma, saboda su ne kawunka ya gani a hoto. Kada ka bar ƙwallon. Asusun hayar nan za ka mayar wa mai shi, kuma a cikin wannan makon.

Ka san ƙa'idar katin zama na ɗalibi, don haka ba zan maimaita maka ita duka ba. An yarda ka yi aikin albashi na awa 964 a shekara, wato kimanin awa goma sha takwas da rabi a mako idan ka raba su daidai, kuma wuce wannan iyaka yana iya sa a janye katin. Abin da yawancin yaranmu ba su lura da shi ba shi ne masu kai abinci a keke galibi ana ɗaukar su a matsayin masu sana'ar kansu ne, katin ɗalibi kuwa bai ba ka izinin wannan ba. Shi ya sa ba ka iya buɗe asusu da sunanka ba, shi ya sa kuma dillalin ya samu kasuwa a wurinka. A idon hukuma aikin ɓoye kake yi da sunan wani, kuma kai ne kake kan titi inda ɗan sanda zai tsayar da kai, shi yana kwance a ɗaki mai ɗumi.

Waɗannan dillalai na ga aikinsu, kuma abin takaici yawancinsu da Hausa ko Zabarmanci suke fara gaisawa da yaro kafin su cuce shi. Na san ɗalibin da kekensa ya zame a kan ƙanƙara cikin watan Janairu ya karye a kafaɗa. Da yake sunan da ke kan asusun ba nasa ba ne, babu diyyar haɗarin aiki da ya samu, dillalin ya daina ɗaukar wayarsa, kuma zangon karatun ya wuce shi yana jinya. Na san wani da manhajar ta nemi ya ɗauki hoton fuskarsa domin tantancewa, aka rufe asusun nan take, kuɗin da ya tara kuwa dama banki na mai asusun suke shiga, bai ga ko yuro ɗaya ba, kuma ba shi da inda zai kai ƙara ba tare da ya tona wa kansa asiri ba. Irin mutumin nan, ranar da ya ga ka shiga matsi wajen sabunta kati, shi ne zai zo maka da tayin takardar albashi ta jabu ko shaidar masauki ta jabu. Wanda ya miƙa irin wannan takarda a ofishin perfe, wato hukumar da take ba baƙi katin zama, ya aikata laifin da kotu take hukuntawa, kuma abin da yakan biyo baya shi ne takardar umarnin barin ƙasa da suke kira OQTF.

Ka kuma tuna daga inda ka fito. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 dangantakar Nijar da Faransa ta lalace, har Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024. Ɗalibin da ya rasa katinsa a yau ba zai dawo gida ya sake neman biza cikin sauƙi kamar yadda yayyenku suka yi ba.

Game da kasalar da kake ji, ba lalaci ba ne kuma ba raunin imani ba ne. Hunturun da ka sani a Damagaram na safiya ne, hantsi yana dubawa mutane sun cire rigunan sanyi sun fita Kasuwar Dole. A Lille cikin Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura kwata, ta faɗi kafin biyar, sau da yawa ma gajimare ya rufe ta, azahar da la'asar da magariba duk su zo maka a jere kana cikin ɗakin karatu. Ƙarancin hasken yana rikita barci, yana sauko da walwala, kuma mai baƙar fata ya fi saurin rasa sinadarin bitamin D a irin wannan yanayi, abin da likitan cibiyar lafiyar jami'a zai iya duba maka. Jikin da yake cikin wannan hali, ka ƙara masa tuƙin keke cikin ruwan sanyi har tsakar dare, sannan ka ce ya tashi da safe ya karanta maƙalun kimiyya, ba zai yi ba. Motsa jiki da zama cikin mutane suna daga abubuwan da likitoci suke ba da shawara a kansu domin wannan matsala. Kuma zauren wasannin ba kyauta aka yi maka ba, yana cikin abin da kuɗin hidimar ɗalibai na CVEC, kimanin yuro 100 da ka biya kafin rajista, suke tallafawa. Ka sa rubutu mai nauyi da safe, ka fita waje da rana ko na rabin awa ne lokacin da hasken yake nan, darar kuma ka bar ta bayan isha'i.

Yanzu maganar kawunka. Ina girmama shi, amma a wannan karon bai yi maka adalci ba. Kayan ɗakin amarya nauyi ne na iyaye da dangin da suke da hali, ba na ɗalibin da doka ta ƙayyade wa awannin aiki ba. Mutanenmu suna jin cewa yuro 100 ya kai kusan jika 66 na sefa, sai su ɗauka duk wanda yake can a kan kuɗi yake kwana, ba su san cewa hayar ƙaramin ɗaki kaɗai tana lashe ninkin wannan sau uku ko huɗu kowane wata ba. Wanda ya ci ƙwayar irin shuka saboda biki, damina za ta same shi hannu wofi. Zumuncin da zai sa yaro ya karya dokar ƙasar da yake baƙo a cikinta, ya jefa lafiyarsa da karatunsa cikin haɗari domin gado da kwanuka su burge 'yan kallo, ya koma zalunci, ko da mai yinsa bai yi nufin haka ba. Kada ka mayar wa kawu magana da zafi. Ka kira mahaifiyarka ka faɗa mata gaskiyar abin da kake samu a kanti da abin da kake kashewa, ka yanke adadin da za ka iya turowa kowane wata daga wannan albashin na halal, ko jika 30 ne, ka ce shi ne gudummawarka, ka bar mata ita da manyan gida su isar wa kawu.

Idan albashin kantin bai ishe ka ba bayan ka ajiye keken, ka nemi ganin jami'ar jin daɗin ɗalibai ta CROUS, hukumar da take kula da masauki da abincin ɗalibai, domin ta hannunsu ake samun tallafin gaggawa da abincin yuro ɗaya ga wanda yake cikin ƙunci. Ka kuma je wurin malamin da yake duba bincikenka tun yanzu, ka gaya masa ka yi baya, ku tsara ranakun miƙa babi-babi. Horon aikin da 'yan masta suke yi a zango na biyu, idan ya wuce wata biyu ana biyan alawus a kansa, kuma awanninsa ba sa shiga cikin 964. Ofishin perfe yana duba ko karatunka yana ci gaba da gaske kafin ya sabunta kati, kuma kammala mastar ne zai ba ka damar neman katin shekara ɗaya na neman aiki. Duk wanda za ka nema daga cikinsu, ka duba ranar ƙarewar katinka ka fara haɗa takardu wata huɗu kafin ta, da kanka, ba ta hannun kowa ba.