Filin Marubuta: "Kowa na yabon labarina, in kai shi maɗaba'a?"

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu sun taru wannan watan, uku na zaɓo, kuma ta farkon ce za ta fi cin wuri don kusan kullum sai an aiko min da irinta.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ni matar aure ce a Funtuwa, wata takwas kenan ina rubuta wani labari a waya ina sakin shi feji-feji a guruf ɗinmu na WhatsApp, wallahi kullum sai sambarka, wasu ma cewa suke sun yi kuka. Yanzu na ɗauki adashe ina so in buga shi in ga littafina a hannuna. Mai maɗaba'a ya ce in turo kawai, sati biyu ya gama. In tura?

AMSA: Ƙanwata, dan Allah kar ki tura tukuna. Ba wai ina raina yabon da ake miki ba ne, wanda ya iya riƙe mutane wata takwas suna jiran feji lallai yana da baiwa, amma ki sani mai karanta feji ɗaya a rana ba zai taɓa ganin abin da mai karanta littafin a dare biyu zai gani ba. Shi ne zai lura cewa yarinyar da kika ce tana aji uku a farko ta kai tsakiyar labari har yanzu tana aji uku alhali ƙaninta ya yi aure, ko kuma an siffanta falon Alhaji sau bakwai da kujeru da labule da komai. Labarin guruf yana son ja don kar a rasa abin saki gobe, takarda kuwa kowane shafi kuɗi ne, naki da na mai saye.

Toh ga abin da nake so ki yi. Ki ajiye shi wata guda kar ki leƙa ko sau ɗaya. Sannan ki je shagon kwamfuta a fitar miki da shi a takarda, ki zauna da jan biro ki karanta da ƙarfi yadda kunnenki zai ji, duk maganar da kika ji ba mutumin da zai faɗe ta haka a tsakar gida ki soke ta. Duk babin da in an cire shi labari bai girgiza ba, ki cire, ko da kuwa shi kika fi so. Bayan nan ki ba mutum biyu, kuma kar su zama aminanki ko 'yan ɗakinku: ɗaya ya duba zaren labari, ɗaya ya duba ƙa'idar rubutu, irin malamin Hausa na sakandare ko na kwalejin ilimi, ki biya shi haƙƙinsa daga cikin kuɗin adashen nan. Shi zai raba miki "yace" ya koma "ya ce", "shine" ya koma "shi ne", ya haɗe miki "motar sa" ta koma "motarsa", ya sa miki lanƙwasa a inda ta dace.

Maganar lanƙwasar nan ina jin ta a jikina don ta taɓa faruwa da ni. Wata maɗaba'a na kai aiki, tsarin haruffan kwamfutarsu bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, ni kuma ban nemi kwafin gwaji ba saboda sauri, da aka kawo katan-katan na buɗe sai na ga baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, wasu wuraren ma ɗan akwati ne a madadin harafin. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Don haka kar ki yarda a hau inji sai an ba ki kwafi ɗaya kin duba shafi-shafi, har bango, kin sa hannu.

Ki gane, mai maɗaba'a ba edita ba ne, abin da kika miƙa masa shi zai gurza. A da akwai masu wannan aikin. Littattafan da suka fito daga gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933 sai da Rupert East, Baturen da ya shirya gasar, ya zauna a kansu a Zariya kafin a buga, har na Abubakar Imam, daga baya kamfanin Gaskiya da hukumar adabi ta Arewa, NORLA, da kamfanin buga littattafai na Arewa, NNPC, da aka kafa a 1966 suka ci gaba a haka. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980 kamfanoni suka fi karkata ga littattafan makaranta, sai matasa a Kano, maza da mata, suka ce ba za su jira kowa ba, suka fara bugawa da kuɗin aljihunsu, aka yi ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama, matan aure da yawa a nan suka kamu da son karatun boko. Ba abin kunya ba ne buga littafi da kanki, gado ne mai kyau. Abu ɗaya da ya faɗi a hanya shi ne editan nan, kuma yanzu ke ce za ki nemo shi da kanki.

Sai kuɗi. Mai inji zai ce miki in kin buga da yawa kowane kwafi zai fi sauƙi, gaskiya ya faɗa, don kuɗin farantin da ake ɗora wa inji a buga shafuka ɗaya ne ko kaɗan ko da yawa, amma littafin da ke jibge a ƙarƙashin gado ba riba ba ne. Masu shaguna kuma yawanci karɓa suke sai an sayar a biya, don haka duk wanda kika ba ki rubuta adadi da rana ya sa hannu. Kafin komai ma, ki ce wa 'yan guruf ɗin duk mai son kwafi ya turo kuɗinsa tun yanzu. Adadin alat ɗin da kika gani shi zai gaya miki nawa za ki fara bugawa.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne a Gusau. Abokina ya buga littafi da kansa, ya ce ni zan yi bita ranar ƙaddamarwa. Na karanta, labarin ba laifi amma kurakurai sun yi yawa kuma ƙarshen a gaggauce yake. In faɗa a gaban mutane ko in yabe shi kawai mu rabu lafiya?

AMSA: Ɗan uwa, in ka yabe shi kawai ka cuce shi, don na biyun ma haka zai fito, ka kuma cuci wanda zai ciro kuɗinsa saboda maganarka. Amma akwai yadda ake yi. Ka same shi ku biyu tun kafin ranar, ka ba shi jerin kurakuran rubutu da lambar shafi don bugu na biyu, wannan ba na lasifika ba ne. A wajen taro ka faɗi me littafin ya ƙunsa ba tare da ka tona ƙarshe ba, ka nuna inda ya yi kyau da hujja, kar ka tsaya a "ya yi ma'ana ya faɗakar", ka ce hirar uwa da ɗiyarta a shafi kaza ta yi rai saboda kaza. Sannan ka faɗi babbar matsala ɗaya ko biyu, kamar ƙarshen nan, ka ce rikicin da aka yi babi goma ana ƙullawa bai kamata a kwance shi a shafi biyu ba. Ka bambance laifin marubuci da na maɗaba'a, shafin da ya juye ko tawadar da ta dushe ba shi ya yi ba. Kuma littafin za ka yi wa magana, ba shi ba, ba iliminsa ba, ba tarbiyyarsa ba.

Ni abin da ba na so shi ne a ce ai da kansa ya buga a yi masa sassauci, raini ne wannan a ɓoye. A shekarun 1990 an yi zazzafar muhawara a jaridu kan waɗannan littattafai, masanin adabi Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, masana irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare su, an ji zafi sosai amma a ganina wannan ce-ce-ku-cen na cikin abin da ya sa jami'o'i suka ɗauke su da muhimmanci. In kuma ka san ba za ka iya faɗar gaskiya ba, ka ba shi haƙuri tun yanzu ya nemi wani.

TAMBAYA: Malam mene ne ISBN, kuma in na samu ba wanda zai iya sace min littafi? Daga wata 'yar uwa a Azare.

AMSA: 'Yar uwa, lamba ce mai alƙaluma 13 da ke bambanta littafinki da kowane littafi a duniya, a Nijeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da ita, kuma in kin buga doka ta ce ki kai musu kwafi 3. Ki nemi taki, kar ki karɓi wadda aka riga aka manna a wani littafin. Amma ba ta hana sata. Haƙƙin mallaka naki ne tun ranar da kika rubuta, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare shi har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, kuma za ki iya sanar da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa don ki sami takardar shaida in rigima ta taso. Ki kuma ajiye asalin rubutunki a wuri biyu ko uku, imel da filashi da takarda, kar ki dogara da waya ko manhaja ɗaya, OkadaBooks ma da marubutanmu da yawa suka zuba littattafai a kai ta rufe a 2023.

Sauran wasiƙun sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.