Me ya sa fayil ɗin sauti ke katsewa idan ana loda shi a ƙaramin jirgin ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin jirgin ƙasa na sha'awa, mai girman HO, irin wanda ake sarrafawa da tsarin DCC, wato aika masa umarni ta ƙarfen layi. A cikin kan jirgin akwai dikoda LokSound 5, ɗan allon lantarkin da ke karɓar umarni ya kuma fitar da ƙara, ina kuma da na'urar LokProgrammer ta loda mata sauti daga kwamfuta. Na sauke fayil ɗin ƙarar injin dizal daga intanet, amma duk sanda na fara loda shi sai ya tsaya a hanya: yau tun farko, gobe sai ya kusa ƙarewa. Wani lokacin ma manhajar ta ce ba ta ga dikoda ba. Yanzu jirgin ya yi gum, ko tsohuwar ƙarar babu. Kwanakin baya na ƙara masa kafasita, abin ajiye wuta, mai waya biyu don ya daina cijewa a mahaɗar layi. Ko na ƙona dikodar ne? Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, da wuya a ce ta ƙone. Kafin manhajar ta rubuta sabon sauti sai ta goge tsohon, don haka in aikin ya katse a tsakiya, dikoda takan zauna ba tsoho ba sabo. Shirun da kake ji ke nan. Da zarar an yi lodi ɗaya ya kai ƙarshe, ƙara za ta dawo.

Ka fara gwada ta. Ɗora kan jirgin a layin shiryawa, wato guntun layin da ka jona da LokProgrammer, ka karanta CV 8. CV su ne gurabun saitin dikoda, na 8 ke ɗauke da lambar kamfanin da ya ƙera ta. In ta ba ka 151, ta ESU ce, kamfanin da ke yin LokSound, kuma da ranta. Fayil ɗin ESU mai ƙarewa da .esux kuwa da LokProgrammer ake loda shi.

Babban abin zarginmu shi ne kafasitar da ka ƙara. Fayil ɗin ba ta iska yake shiga jirgi ba: ta ƙarfen layi yake bi, ya hau ƙafafun jirgin, ya bi 'yan siraran tagullar da ke gogar ƙafafun, sannan ya isa dikoda. Ita ma dikoda ta wannan hanyar take mayar da amsa. A ƙa'idar DCC, idan za ta ce "na ji", sai ta ja ƙarin wuta aƙalla miliamfiya 60 na kimanin milisakan 6, na'urar ta gane. To ita kafasita aikinta shi ne ta sha wuta ta ajiye, ta cike duk wani giɓi. Wannan alheri ne a kan layi, amma a wajen shiryawa ita ce ke haɗiye saƙon, ko ta zuƙi wuta da yawa tun farko har na'urar ta ɗauka wayoyi sun haɗu ta yanke. PowerPack, kafasitar ESU, mai waya uku ce, dikoda da kanta take kashe ta lokacin shiryawa. Taka mai waya biyu ba mai kashe ta sai kai. Narkar da dalmar waya ɗaya ka cire, ka naɗe bakin da salatif, ka gama lodi, ka mayar. In kana yawan canza sauti, sa mata ɗan makunni a kan wayar ka huta.

Akwai kuma wata ƙaramar kafasita da mutane ke mantawa da ita, wadda wasu kamfanoni ke ɓoyewa a cikin guntun layin da ake jona waya, don hana shiga rediyo a tsohon tsarin DC. In da irin wannan guntun kake shiryawa, canza shi.

Sai dai yadda lodin ke tsayawa a wurare daban-daban ya nuna akwai datti ma. Lodin sauti cikakke na iya cin kusan rabin awa, jirgin kuma a tsaye yake wuri guda, ƙafa tana taɓa ƙarfe a ɗigon da bai kai kan allura ba. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ɓata aikin. Mu da ke fama da ƙurar hunturu, layin da aka goge da safe kafin la'asar ya yi fari-fari. Ka samu farin ƙyalle mara gashi, ka ɗiga masa sifirit irin na goge allon waya, ka goge layin har ƙyallen ya daina fitowa da baƙi. Ka kifa jirgin a kan soso, ka bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya da auduga, har da bayansu inda tagullar ke goga, domin nan ne mai da ƙura ke daskarewa. Kada ka sa sanfefa, tana karce ƙarfen, datti ya samu wurin zama.

Layin shiryawar ya zama guntu ɗaya, kamar kamu biyu, ba ya haɗe da sauran layinka, ba wani jirgi ko tarago mai fitila a kai. Wayar da ke tsakaninsa da na'urar gajera, a ɗaure da kyau. Abin da muka fi so ma shi ne a kauce wa layin gaba ɗaya: ka maƙala wayoyin biyu kai-tsaye inda wuta ke shiga jirgin, ko ka zare dikodar daga soket ɗinta, in 21MTC ce ko Next18 ko mai fil 8, ka sa ta a allon gwaji. ESU na da nata mai lamba 53900. In ta lodu a allo ta ƙi a jirgi, ka san laifin na cikin jirgin.

Batun "ba a ga dikoda ba" kuwa, a tabbatar ba na'urar ce kwamfutar ta kasa gani ba. LokProgrammer tana magana ne ta tashar COM, ta hanyar kebul mai juya USB. Buɗe jerin na'urorin Windows ka ga lambar COM da aka ba ta, ka zaɓi ita a manhajar. In ka canza ramin USB lambar na iya canzawa. A jona kebul ɗin a jikin kwamfuta, ba a abin rarraba USB ba, a rufe duk wata manhaja kamar JMRI da ka iya riƙe tashar, a hana kwamfutar yin barci. Kebul na arha da aka saya a madadin na asali ya sha jawo irin wannan ciwon kan.

Wuta ma abin dubawa ce. Laptop na da batir, amma LokProgrammer daga bango take sha, in aka ɗauke wuta ko ta yi ƙasa lodin ya tafi. Ka jona adaftarta a UPS ko inbata, kada ka fara a kan janaretan da ke hawa yana sauka. In daga Amurka aka kawo maka ita, karanta jikin adaftar tukuna, domin tasu bolt 120 ce, tamu 230.

Fayil ɗin kansa ba ya cika zama sanadin katsewa a wurare barkatai, amma in kullum a wuri ɗaya yake tsayawa, ko ya ƙi buɗewa, sake sauke shi, ka kwatanta girmansa da wanda aka rubuta, ka kuma sabunta manhajar. LokSound 5 na da ma'ajiya megabit 128, V4 kuwa 32, shi ya sa fayil ɗin 5 ba ya shiga V4, amma na V4 ana iya juya shi zuwa 5 a cikin manhajar. In manhajar ta fara da sabunta firmware, wato manhajar cikin dikodar, bar ta ta gama, kada ka taɓa teburin.

A kula, maɓallin rubuta bayanan dikoda daban, na rubuta sauti daban. Na farkon CV kawai yake turawa cikin ɗan lokaci, mutum ya zaci ya gama. Na sautin za ka danna. Sabon fayil kuma yakan zo da nasa saitin, adireshin jirgin, wato lambar da ake kiransa da ita, ya koma 3, don haka ka karanta CV ɗinka ka adana kafin ka fara. Sautin da ke cikin dikoda kam ba a iya kwafo shi, fayil ɗin asali za ka riƙe.

In lodi ya kai ƙarshe amma har yanzu shiru, kira jirgin a adireshi 3, a na'urar sarrafawa ka danna maɓallin kunna sauti, F8 in fayil ɗin jirgin Amurka ne, F1 in na Turai ne, sannan ka duba CV 63 ko an rage ƙarar. In duk wannan bai sa ya yi tari ba, auna sifikar da mita: LokSound 5 na aiki da om 4 zuwa 32, mitar da ta nuna a buɗe kuwa waya ce ta tsinke ko sifikar ta mutu, ba dikoda ba.